Karan da Na Auna Kofur da Shi

Auta,

Malama Ladi ce ke rubuta maka wagga takarda, malamar makarantar da ke haya ga ɗakinmu na gabas. Ni ke faɗi, ita ke sa biro. Na ce mata kar ta gyara mini magana, in na yi faɗa ta rubuta faɗa. Ta ce murya ba ta hawa takarda. Na ce ta rubuta dai, ka san muryata, kai ka sa ta da kanka.

Ina gaishe ka. Ina fata ka isa Maiyama lafiya, ka iske ɗakin da ka kama ba ya yoyo, kuma yaran da anka ba ka ka koyar ba su fi ƙarfinka ba. Allah ya tsare ka ga hanya da masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka cikin abin da za ka ci. Mu nan Jandutsi lafiya lau. Ba labarin gari zan ba ka ba, wannan kana ji ta waya. Maganar kifi ce. Na so in yi maka ita ta waya, amma kai da an fara sai ka ce "to Inna, to Inna," ka kashe. Takarda ba ta kasuwa.

Ka ce ƙarshen mako za ka zo da ɗan kabu-kabu ka ɗauki Kofur, ka kai shi Maiyama, ka sa shi cikin akwatin gilashin da ka sawo Jega. Malama ta ce in faɗi ko wane ne Kofur, kar wani ya tsinci takardar ya zaci ɗan sanda za ka sace. To Kofur kifi ne. Kifin da ke cikin kwamin ruwa na siminti da ke tsakar gidanmu, wanda babanka, Allah ya jiƙan shi, ya sa wa suna saboda gashin baki.

Ni dai har yau ban gane wannan al'amari ba. Na san a kiwata akuya don ta haihu, a kiwata kaza don baƙo, a kiwata jaki don kaya. Kifi kuwa a kama shi a ci. Amma a ce a ba kifi abinci, a canza mishi ruwa, a gaishe shi da safe, kuma ba ranar da za a ci shi, wannan ban san sunan shi ba. Ka ce gidan wani malaminku ka gani a Aliero, kifaye cikin gilashi ga falo, baƙi na kallo. Na ce in sun gama kallo fa? Ka ce shi ke nan. To ban gane ba. Amma ko ban gane ba, ni na yi shekaru ina kashe kifayen gidanga ɗaya bayan ɗaya ba da nufi ba, don haka na san yadda ake kashe su. Shi zan faɗa maka.

Kana ƙaramar sakandare babanka ya dawo daga fadama bayan ruwa ya janye, da 'yan kifaye uku cikin gwangwanin madara. Kowane bai kai ɗan yatsana ba. Ya ce a sa su ga ruwan sha su rinƙa cinye tsutsa, haka magabatan shi ke yi. Na ce, "In sun girma fa?"

Ya ce, "Ke dai ba ki san kifi ba. Iyakar mazubin shi yake girma. In ya ga wuri ya ƙare sai ya tsaya."

Na ce, "Wa ke faɗa mishi wuri ya ƙare?"

Ya ce, "Kawo mini fura, kin cika tambaya."

Na yarda da shi. Duk Jandutsi haka ake cewa, har gobe in ka tambayi kawunka Bello haka zai ce maka. Na sa ɗaya cikin randar da ke bakin madafa, biyu cikin babban baho. Na cikin randa bai tsaya ba. Kai ya yi ta girma, jiki kuwa ba inda zai miƙe, sai ya lanƙwashe ya bi gindin randar kamar lauje. In na sa moɗa ɗibar ruwa sai in ji na taɓa shi. Ruwan ya fara ƙarni. Baƙi su sha su aje moɗa a hankali. Ni kuma ina cewa ai ya kusa tsayawa, yau zai tsaya, gobe zai tsaya. Da zafin bazara ya yi tsanani na buɗe faifai da safe na iske shi ciki sama. Na fito da shi na aza ga ƙasa, na sa hannu in miƙar da shi, ya ƙi miƙewa. Ya mutu da siffar randa. Ban iya dafa shi ba. Na jefa wa agwagi, su ma sunka tsaya suna kallo.

Har yau ban san ko babanka ƙarya anka faɗa mishi ba, ko kuwa gaskiya ce rabi. Ƙila kifin yana son ya tsaya, jikin ne bai ji ba. Abin da na sani, kar ka auna mazubi da kifin yau. Ka auna shi da kifin baɗi da na baɗin baɗaɗa. Kai da ka sawo gilashinka, da ido ka auna, kuma idonka ya saba da Kofur tun yana ƙarami, ba ka ganin girman shi. Ni ma ban gani ba sai da na yi abin da zan faɗa maka can gaba.

Na biyu, na cikin baho. Su biyu sunka tashi tare, amma ɗaya ya fi ɗan'uwan shi ci, ya bar shi baya nesa. Wata safiya na leƙa, ɗaya kaɗai. Ban yi wata-wata ba na ɗauki mayafi na shiga gidan Hajo maƙwabciyarmu, don kyanwarta na yawan zama bakin bahon.

Na ce, "Hajo, kyanwarki ta yi mini sata."

Ta ce, "Kin gan ta?"

Na ce, "Na ga tana lasar baki."

Ta ce, "Yaya, kyanwa in ba ta lashi baki ba me za ta lasa? Ta wanke hannu da sabulu?"

Na ce ta riƙe dabbarta, ta ce in riƙe bakina. Na fito. Da la'asar ka dawo makaranta ka tsuguna ga bahon, ka ce, "Inna, zo ki ga, Kofur na da wutsiya biyu." Na zo na duba. Cikin shi ya kumbura, ga bakin wutsiyar ɗan'uwan shi na leƙowa daga bakin shi. Ni da Hajo munka daɗe ba mu aron gishiri ga juna a kan abin da kyanwa ba ta ci ba.

Na kawo wannan ne don ka ce mai gilashin ya ba ka gyaran wasu 'yan jajayen kifaye, za ka haɗa su da Kofur don ya samu abokan zama. Ba abokan zama ka samo mishi ba, kalaci ka samo mishi. Ko wuri na da faɗi ban tabbata zai bar su ba, balle wurin da ƙarami ba ya da inda zai ɓuya. In kana son jajayen ka bar su ga gilashin su kaɗai. Su daidai da su ne, in ma ba su ma suna da wani girman da suke ɓoyewa ba. Ka tambaya. Kar ka tambayi mai sayarwa shi kaɗai, shi ko kada ka nuna mishi zai ce zai shiga.

Daga baho munka mai da shi rabin duro. Daga rabin duro, bayan rasuwar babanka, kai ka matsa anka sa shi cikin kwamin da ya gina don ban ruwan irin albasa. Kana Aliero wajen karatu lokacin, ni anka bar wa. Nan na yi ɓarna ta uku. Anka yi wani ruwa mai ƙarfi tun hantsi, indararo na zuba cikin kwamin, ni ina daga ƙofar ɗaki ina murna, yau na huta da jan guga. Kwami ya cika har ya tumbatsa. Da ruwa ya tsagaita na fito, ba Kofur. Na sa muciya na laluba kusurwa-kusurwa, babu. Na fara ɗaga kai wajen gidan Hajo, sai na tuna, na sauke.

Ga rariya na same shi. Ya ratsa tsakar gida da ƙirji, ya wuce turken awaki, ya tura kai cikin rariyar da ke fita waje ta gefen fadama, ya maƙale. Ban san kifi na tafiya ga ƙasa ba sai ranar. Ban san kuma wa ya faɗa mishi fadama can take ba, shi da ya bar ta yana cikin gwangwani. Na cire zanen sama na naɗe shi, na rungumo shi kamar jinjiri, yana dukana da wutsiya, ƙayar shi ta soke ni ga hannu, hannun ya yi kwanaki a kumbure. Farin tabon nan da ke bayan kan shi, da ka tambaye ni na ce ban sani ba, to rariya ce.

Don haka ruwa kar ya kai bakin mazubi, a bar mishi tazara mai kyau, kuma a rufe da abu mai nauyi wanda iska ke shiga. Ni ragar waya na aza da dutse. Gilashinka na gan shi ranar da ka biyo da shi, murfin shi ɗan roba ne, ko kaza ta ture shi. In ya yi tsalle kana aji, kan siminti zai faɗa, ɗaki a kulle. Ba wanda zai naɗe shi cikin zane.

Akwai kuma na tuwo. Ina zuba mishi ragowar tuwo da ƙanzo, ina ganin ina kyautata mishi. Lokacin yana rabin duro ne. Kafin azahar ruwan ya yi fari ya yi tsami, ya taso sama yana haɗiyar iska kamar mai asma. Cikin kwami na zuba irin wannan tuwon bai yi komai ba. Na daɗe ina tunanin ko tuwon ne ya bambanta, ko dawar ce. Daga baya na ga ruwan ne. Ruwa kaɗan nan da nan yake ɓaci, ruwa mai yawa yana da haƙuri. Ka ce gilashin na da ɗan inji mai hura iska yana tace ruwa. Na ce da me yake aiki, ka ce da wutar lantarki. To a Maiyama wata wuta ce daban da tamu? Ban sani ba, ban taɓa kwana can ba. Amma in kifi sai an kawo wuta zai yi numfashi, ni ban ga rayuwa nan ba.

Yanzu ga abin da ya fi ruɗa ni. Kawunka Bello ya ce Kofur tarwaɗa ce, kuma ta gama girma, in bar damun mutane. Ranar kasuwa na tafi Jega, na tsaya wajen wata mai bandar kifi, tsohuwa kamata, na kwatanta mata shi.

Ta ce, "Shekara nawa yana hannunki?"

Na ce, "Ya daɗe. Ya ga mijina da rai."

Ta ce, "Kuma ba ki ci shi ba?"

Na ce, "Na yaro ne."

Ta dube ni ta ce, "Yaron lafiyar shi lau?"

Na ce mata malamin makaranta ne. Ta ce ai shi ya sa. Sannan ta ce in koma in duba bayan shi. In tutar bayan guda ce tun daga wuya har wutsiya, tarwaɗa ce. In biyu ce, ta gaba mai ƙaya, ta baya tsoka zalla, to ramboshi ne, kuma ramboshi ta ga wanda maza biyu sunka ɗauko da sanda, wutsiya na jan ƙasa.

Na dawo na duba. Idona ka san shi, kifin kuma ba ya tsayawa a dube shi. Malama Ladi ta sa tabarau ta ce biyu ta gani. Ni ɗaya da rabi na gani. Bello ya zo ya ce ɗaya ce, ko leƙawa bai yi da kyau ba. To ban san abin da muke kiwo ba duk shekarun nan. Abin da na sani, bara in ya kwanta ga gefen kwami wutsiyar shi ba ta kai inda simintin ya tsage. Bana ta wuce.

Shi ya sa na auna shi. Na zaro karan dawa daga danni, munka rage ruwan kwamin, na yayyafa mishi hanjin kaza ga gefe guda, ya zo ya kwanta yana ci. Malama ta riƙe karan bisa ruwa daidai da shi, ni na sa farce inda wutsiya ta tsaya. Ya watsa mata ruwa har cikin kunne, ta ce ba a koya mata wannan ba wajen horon malanta. Na ƙara taƙi guda saboda baɗi, na yanke. Karan na nan tare da takardar ga hannun direban da zai kawo maka.

Ga abin da za ka yi. Ka sa karan cikin gilashinka a kwance. Ka juya shi kamar yadda kifi ke juyawa, kai ya koma inda wutsiya take. In ya juya bai taɓa ko'ina ba, zo ka ɗauki kifinka, ba zan ce uffan ba. Ni da na ga gilashin ina jin ko kwanciya ba zai yi ba, amma ni ban yi boko ba, ka gwada da kanka.

Kuma kar ka zaci ina cewa nan ya fi. Na sa karan cikin kwaminmu. Ta tsawo ya shige. Ta faɗi da ƙyar, yana gogar bango. Da na tsaya na lura, Kofur in zai juya sai ya naɗe jiki tukuna. Na ga irin wannan naɗewar a da, ga gindin randa. Ban ji daɗi ba.

Ban san me ke damuna ba, Auta. Shekaru ina cewa ranar da ka bar gidanga zan sa shi ga tukunya da tattasai. Ka ji da kunnenka, Hajo ta ji, har ta ce a aje mata kai. Ka bar gidan. Wuƙa na nan, tattasai na nan. Sai ga ni da safe tsaye bakin kwami da hanjin kaza, ina jira ya taso. In ya taso ba ya mini komai, ya karɓa ya nutse. Ko godiya babu. Awakin babanka sun ƙare, jakin an sayar, rigunan an raba. Abin da ya kawo gidanga da hannun shi kuma yake motsi har yau, daga kai sai wannan mummunan kifi. Malama ta aje biro tana dubana. Rubuta, Malama, ba kuka nake ba, hayaƙi ne.

To ga abin da na yanke. Fangalin da nake yayyafa irin albasa bayan ɗakina, bana ba zan yayyafa ba. Nan za a haƙa mishi. Hajo ta ce na haukace, wa ke ba kifi wurin iri a ƙasar albasa. Ƙila da gaskiyarta. Na ce ta yayyafa da yawa ta sam mini lokacin dashe. Na ja layi da karan nan: tsawo ya yi kamar huɗun shi, faɗi kamar uku, zurfi ya kai mini ƙugu. Ban san ko haka ake yi ba, ba wanda ya koya mini. Na dai ga in ya fi yawa ba wanda zai mutu, in ya gaza an san abin da ke faruwa. Inuwar darbejiya na sauka wurin da rana, ruwan ba zai yi zafi ba. Abin da ban sani ba, ko siminti za a shafe ko leda mai kauri za a shimfiɗa. Wannan kai ka tambayo masu kiwon kifi na can wajenku, ka tambayi fiye da mutum ɗaya.

In mai gidan da kake haya zai yarda ka haƙa irin wannan a tsakar gidan shi, kuma akwai mai ba shi abinci in ka yi tafiya, to ka haƙa can ka ɗauke shi. Naka ne, ban riƙe ba. In ba zai yarda ba, kar ka zo da ɗan kabu-kabu da bokiti. Ka zo da tsofaffin kaya na aiki. Maiyama ba Makka ba ce, duk ranar da ka yi marmarin ganin gashin baki ka hau mota.

Allah ya kiyaye ka, ya kiyaye mutuncinka, ya sa ka gama da kowa lafiya. Ka riƙe salla. Ka rinƙa cin abinci mai zafi, ba biredi kullum ba. Allah ya dawo mini da kai da ƙafafunka. Malama Ladi na gaishe ka, ta ce ita ma tana sa ka cikin addu'a in ta je cocinsu.

Saura a san wa ke bin wa. Kawunka Bello ya yi rani biyu yana ban ruwa da injin babanka, ban ce mishi komai ba. Yanzu na ce: shi da 'ya'yan shi za su yi haƙa, kai ka kwashe ƙasa. Diga da shebur suna wajen Garba mai gini tun gyaran katanga, ka biya ka karɓo, kar ka yarda ya ce gobe. Babban bahon nan Hajo ta ara tun sunan jikarta, ka bar mata shi, kyanwarta na bina bashi. Malama Ladi na bin mu kwandon albasa na wannan rubutu da na ruwan da ya shiga kunnenta. Tana cewa a'a. Rubuta, Malama, ba ke ke magana ba.

Karan kuma nawa ne, ka dawo mini da shi, da shi za a auna ramin. Na shafa shuni ga bakin shi duka biyu. Kar ka karye shi don ya shiga. Na san ka.

Innarka.